Wutar Gwaggo a Jirgin Nomau

Aikin farko da maigidana Baba Hima ya sa ni, da hanci na yi shi, ba da kile, wato sufana, ba. Ranar da mahaifina ya kai ni garejinsa a bakin kogi nan Gaya, ban ko tuɓe takalmi ba ya kama ni ta ƙeya, ya shigar da ni wani jirgin katako da ke ɗaure a gaɓa. Ya ɗaga allo ɗaya daga cikin allunan da ake shimfiɗawa a ƙasan jirgi, ya ce in durƙusa in sa hancina. Na durƙusa. Ya ce, "Me ka ji?" Na ce kifi. Ya ce, "Sake." Na ce ruɓaɓɓen ruwa. Ya ce, "Madalla, wannan ana iya shiga. Ranar da ka ji abin da ba kifi ba, ba ruwa ba, fitar da mutane tukuna, ka yi tambaya daga baya."

Ku yi ta dariya, ku yaran gareji. Na san abin da kuke faɗi a bayana, wai tsoho yana yi wa jirgi sujada. Kuma ku ne masu cewa gyaran injin jirgi ba komai ba ne, a goge buji, wato fulogi, a ja igiya, shi ke nan. To, ku gyara zama. Goge buji ko makaho ya iya. Abin da ake koyo a wannan sana'a shi ne yadda za a kai mutane gaɓa ba a ƙone su a tsakiyar ruwa ba.

Kayan aikinmu a lokacin duka cikin jakar fata ɗaya suke. Kile-kile, turnabis na kwance noti mai kan katako, gashin kaza na share hanyar mai a karburata, da guntuwar wayar birkin keke idan gashin ya kasa. Gwangwanin tumatir na wanke ƙananan ƙarafa. Guduma ta itace, don Baba Hima ba ya yarda ƙarfe ya bugi ƙarfe kusa da tankin mai. Sai abu biyu da ba su shiga jaka amma ba a fara aiki sai suna nan: bokitin yashi da jiƙaƙƙen buhu. In wuta ta kama esansi, wanda ƴan Najeriya ke ce wa fetur, ka zuba mata ruwa, taimakonta ka yi, don man zai hau kan ruwan ya bi shi duk inda ya malala. Yashi ke kashe ta, ko a danne ta da buhu.

Wata rana muna wanke karburatar wani masunci, Baba Hima ya ajiye gwangwani biyu a kan yashi, nesa da juna. Ɗaya gazuwal, wato dizal, man kamiyo, manyan motocin kaya, ɗaya esansi. Ya ƙyasta ashana ya jefa cikin gazuwal, ta mutu kamar a ruwa. Ya ƙyasta wata, ya ɗaure ta a bakin dogon kara ya nufi na biyun. Wallahi ashanar ba ta kai ga gwangwanin ba, wutar ce ta taso ta tarye ta a hanya. Ya ce min, "Ka gani? Esansi tururinsa ke ci, ba ruwansa ba. Kuma tururin nan nauyi gare shi, ba ya tashi sama, gangarawa yake ya kwanta. A mota ya faɗi kan hanya iska ta kwashe. Jirgi kuwa ƙwarya ne, abin da ya faɗa ciki yana nan yana jiranka." Shi gazuwal malalaci ne, sai ya yi zafi sosai kafin ya kama, injinsa ma ba shi da buji balle tartsatsi. Amma kada ku ɗauke shi waliyyi. Ku bar tsumma ya sha shi, ku ajiye kan bututun hayaƙi, za ku ga aiki.

Masu kawo mana gyara iri-iri ne. Akwai masunta, su ba sa gardama, abin da ka ce shi ne. Akwai ƴan kasuwa masu ɗaukar shinkafa da albasa, su kuma kullum sauri suke, injin na hannunka a warwatse suna tambaya ko an gama. Sai masu son gudu, waɗanda in injinsu bai yi ƙarar da za a ji a Malanbil, can ƙetaren kogi, ba, a wurinsu bai gyaru ba. Shugaban waɗannan shi ne Nomau, ɗan Gwaggo Hajo, yayar mahaifina. Taubashina ke nan, don haka ba mu taɓa gaisawa ba zagi ba. Ni ina ce masa sarkin hayaniya, shi yana ce min mai sansanar gindin jirage. Ita kuwa Gwaggo, da yake sunan mahaifinta aka sa min, ba ta kirana sai da Babana, kuma ko fura ta dama sai an ajiye min tawa.

Sai ga shekarar wahala. Lokacin soja ke mulki a nan, soja a Najeriya, soja a Benin, duk inda ka juya kan jirgi kaki za ka tarar. Damina ta ƙi, kogi ya janye har tudun yashi ya fito inda ba mu taɓa ganinsa ba, sannan Najeriya ta rufe iyaka. Esansi da muke samu kamar ruwan rijiya ya ɓace. Ɗan wanda ake samu ɓoye shi ake, don in jandarmomi suka ga bido, wato jarkar mai, a jirginka, sai ka yi bayanin inda ka samo shi. Har ashana ta yi wuya. Mata suka koma ɗaukar garwashi daga gida zuwa gida kamar zamanin kakanni, a binne shi cikin toka a kasko.

A shekarar ne masu jirage suka tuna da iska. Aka farke buhunan shinkafa aka ɗinke su wuri ɗaya, aka kafa gora a tsakiyar jirgi, aka ɗaura. Iskar gabas ta taso, sai ka kashe inji, zanen buhu ya hau da kai kogi a kyauta. Iska ta ɗauke, ka ja igiya. Dabara ce mai kyau, amma ta zo da wata wauta da ni kaina ban taɓa ganin irinta ba sai lokacin. Da mutane sun ji inji ya yi shiru, sai su ɗauka haɗari ya tafi barci. Mai shayi ya jawo murhunsa, mai taba ya laluba aljihu. A tunaninsu wutar tana cikin ƙarar. Alhali man yana nan inda yake, ko inji na kuka ko ba ya yi.

Wata ranar kasuwa Nomau ya zo ya ce injinsa na tari, in bi shi zuwa tungayen masunta da ke saman kogi in saurara a hanya. Kafin in shiga na durƙusa na sansana kamar kullum. Banda da daddawa kawai na ji, don ya jera buhunansu a tsakiyar jirgi. Jirgin ya cika da manoma na wajen Bengu da Karakara masu zuwa neman hatsi, mutanen tudu, yawancinsu ko a tafki ba su taɓa iyo ba. Gwaggo ma tana ciki. Ƙanwar Nomau ta haihu a wata tunga, za ta je ta yi mata wankan jego. Ta shimfiɗa sabuwar tabarmarta a tsakiya kusa da gorar, ta zauna, ta ajiye wani abu a kan gammo tsakanin ƙafafunta ta rufa da gefen mayafi. Nomau ya tsaya a baya yana shela cewa ba taba, ba shayi a jirginsa. Kowa ya ce to. Ba wanda ya tambayi tsohuwa abin da ke ƙarƙashin mayafinta.

Muka bar gaɓa da inji, na ji tarin, na ce masa ruwa ne a karburata, in mun sauka zan wanke. Iska ta taso, ya kashe inji, aka saki zanen buhu. Tafiya ta yi daɗi, ana ta hira. Da muka zo wata kwana iskar ta bugo da ƙarfi, jirgin ya karkata gefe ɗaya, mata suka yi salati, ya dawo daidai, aka yi dariya. Ba a jima ba hancina ya kama wani abu. Na sunkuya kamar ina neman kile a jaka, na kai fuskata kusa da alluna. Ba kifi ba ne, ba ruwa ba ne.

Na rarrafa baya wurin Nomau, na ce masa a hankali, "Kai, sarkin hayaniya, me ka sa a ƙarƙashin alluna?"

Ya ce, "Albasa."

Na ce, "Albasar da ake zuba wa inji?"

Nan idonsa ya raina fata. Ya ce bido biyu ne, ya ɓoye saboda jandarmomi, ya toshe bakinsu da totuwar masara da leda, daddawar kuma don ta danne wari ce. Na ce a ina daidai? Ya nuna da haɓa. Ƙarƙashin tabarmar uwarsa. Karkatar da jirgi ya yi ta kwantar da bido ɗaya, totuwa ta fice.

Ina juyawa na ga Gwaggo ta yaye mayafi. Kasko ne cike da toka. Ta ɗauki ɗan tsinke tana tona tokar, jan garwashi ya leƙo, ta ciro guntayen kara daga ƙullin zaninta tana kakkaryawa. So take ta ƙara wa wutar abinci ta hura, kada ta mutu kafin a isa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. In na yi ihu, manoman nan za su ruga gefe ɗaya, jirgi mai zane a sama ya kife da mu. In na yi shiru, kara ya kama, harshen wuta ya fito a daidai inda tururin yake kwance.

Na ce, "Nomau, yi mata magana." Ya ce, "Ni? Ka manta ko ni wane ne?" Ɗan fari ne. Tunda aka haife shi Gwaggo ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta dubansa ido da ido, in zai ba ta saƙo sai ya bi ta bakin wani. Ko ya matsa kusa da ita ma, juya masa baya za ta yi ta rungume kaskonta. Na ce, "To karkata mu zuwa wancan tudun yashi, kuma ko hannunka ya yi ƙaiƙayi kada ka taɓa igiyar inji."

Na tsallake ƙafafun mutane na durƙusa gabanta. Na ce, "Gwaggo, ki ɗan ara min kaskon nan. Toka nake so in goge buji."

Ta ce, "Ɗebi a nan mana, Babana."

Na ce, "Ta ƙasa nake so, mai laushi. Yanzu zan dawo miki da shi."

Ta dube ni, ta ce, "Ka yi a hankali. Daga murhuna na ɗebo ta. Wutar da ta dafa ruwan wankan ƴaƴana duka, ita za ta dafa na jikana." Ta miƙo min da hannu biyu.

Na karɓa, na miƙe, na ɗaga shi sama da kaina don ya yi nesa da ƙasan jirgi. Zafi na cin yatsuna, toka na zubo min a ido. Na taka zuwa gefe, na miƙa hannu waje, na tsoma kaskon cikin kogi gaba ɗaya. Cuuu! Wutar ta mutu.

Abin da ya biyo baya ba na maimaita muku shi duka, don akwai kalmomin da ban san Gwaggo ta sani ba. Ta ce ɗan ƙanenta ya yaudare ta, ya nutsar da wutar gidanta a gaban baƙi. Ta kai min duka da ludayin da ke cikin kayanta. Manoma suka goya mata baya, wani dattijo ya ce yaran yanzu ba su da ta ido. Ni dai ina ba da haƙuri ina kallon tudun yashi yana matsowa. Da gindin jirgi ya gogi yashi, muka sauke zane, na ce kowa ya fita, za a duba wani abu.

Muna ɗaga alluna ni da Nomau, muna ganin man yana yawo a kan ruwan ƙasan jirgi, sai na ji ya ce, "Kai, dubi can." A ƙarshen tudun akwai matan masunta suna bandar kifi, wutarsu na ci. Gwaggo ta naɗe tabarmarta ta sa a hammata, ta ɗauki jiƙaƙƙen kaskonta, ta nufe su za ta roƙi garwashi. Tabarmar nan kuwa, da jirgi ya karkata, man ya ɓullo ta tsakanin alluna ya jiƙa bayanta.

Na sheƙa a guje. Ƙafa na nutsewa a yashi, ina kira, ita ko waiwaye ba ta yi, fushi take. Na cim mata saura kaɗan ta isa, na fizge tabarmar daga hammatarta, na wurga gefe, na ja ta baya. Tabarmar ta warware a iska ta faɗi kusa da murhun bandar, ba ta ko taɓa shi ba. Sai fuuu! Wuta ta yi tsalle ta hau ta daga wannan baki zuwa wancan, ta tashi ta fi tsayin mutum. Matan masunta suka watse suna ihu. Kafin Nomau ya iso da jiƙaƙƙen buhu, ba abin da ya rage sai baƙin shaci a kan yashi.

Gwaggo ta tsaya tana kallon wurin, bakinta na motsi. Manoman da suka zage ni suka yi cirko-cirko, dattijon nan ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Can ta juyo, ba ta dubi ɗanta ba, ni ta duba, ta ce, "Sabuwa ce fa." Mata suka kai ta bayan ciyawa ta sake zani, ta wanke ƙafafunta. Muka kwashe man da ƙwarya, muka wanke ƙasan jirgi da yashi da sabulu, muka bar alluna a buɗe iska ta bi ta ciki har hancina ya yarda. Da garwashin masunta aka dafa ruwan jegon, a wani kwale-kwale dabam aka kai shi. Tun daga ranar kuma na daina zama Babana. In ta gan ni sai ta ce, "Ina kwana, bakanike." Fura ma ta ɗauke. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, na fi son duka da ludayi.

Aikin da ya biyo baya shi ne wanda na fi alfahari da shi. Nomau ya zo gareji ya ce ba zai sake ɗora uwarsa kan esansi ba, in nemo masa dabara. A shekarar injinan niƙa duk sun yi shiru, ba hatsin da za a niƙa. Muka samu wani injin niƙa a cikin gari mai shan gazuwal, mai shi ya karɓi injin Nomau ya ba mu nasa. Gazuwal kuwa ana samu wurin direbobin kamiyo masu tsallako gadar Malanbil. Ni da Baba Hima muka yi masa mazauni da itacen ƙirya a tsakiyar jirgi, muka ɗaure da manyan kusoshi. Muka samo sandar ƙarfe ta tsohuwar mota, maƙeri ya haɗa mata farfela, muka huda bayan jirgi muka fitar da ita, muka toshe gefen da tsumma da kwalta. Bututun hayaƙi muka ɗaga shi nesa da katako muka shafe da laka. A can gaba kuma, inda iska ke bugawa, na kafa rabin tano, wato gangar ƙarfe, cike da yashi, na ce duk mai garwashi nan ne wurinsa, kuma nan kaɗai.

Ranar da muka tayar da shi da hannu ya fara dum, dum, dum, gaba ɗaya bakin kogi ya fashe da dariya. Mata masu wanki suka ɗaga ƙore suna kira, "Nomau, tsaya a niƙa mana!" Sarkin gudu ya koma agwagwa ma tana wuce shi. Ya sha tsiya wurina har ya gaji. Amma in iska ta taso ya saki zanen buhu ya haɗa da injin, yana isa, kuma bido ɗaya yana kai shi inda uku ba su kai shi da. Kafin ruwa ya dawo sosai, masu jirage sun fara zuwa suna tambaya ko akwai sauran injin niƙa a gari.

Gwaggo dai ba ta sake shiga jirgi ba. In za ta tunga, jaki take hawa ta bi ta tudu. Har aka buɗe iyaka, ashana ta cika kasuwa, jikan nan ya isa yaye. Ran da za ta je ɗauko shi, ina bakin ruwa ina ɗaure wani bututu a jirgin Nomau, sai na ga mutane suna buɗa hanya. Ga ta nan da sandarta, da sabuwar tabarma, da kaskon nan dai a hannu, hayaƙi na ɗan fita. Na miƙe na gaishe ta, ta wuce ni. Ta ajiye kaskon a kan yashi, ta shiga jirgi, ta nuna allo ɗaya da sanda ta ce a ɗaga. Aka ɗaga. Tsohuwar nan, da ciwon gwiwarta, ta durƙusa ta sa hancinta ta ja numfashi. Ta matsa gaba ta ce a ɗaga wani. Ba wanda ya yi dariya, har ƴan dako sun tsaya da kaya a kai.

Ta miƙe da kyar, ta kakkaɓe zani, ta ce wa iska, don ba za ta ce wa ɗanta ba, "A gaya wa mai jirgin nan ya riƙa wanke shi, warin kifi kamar me." Sannan ta fito ta ɗauki kaskon, ta miƙo min da hannu biyu.

Ta ce, "Ungo, Babana, kai min wutar nan wurin yashin da ke gaban jirgi. Ka sake nutsar min da ita, kai ma sai ka bi ta."

Na kai ta har gaba na binne gindin kaskon a yashi, na zauna kusa da shi har tunga, ina ƙara mata kara.

To, kai mai ja min dariya tun ɗazu, ga jirgin can an kawo gyara. Ajiye kilen nan, je ka ɗaga allo ka durƙusa, ka dawo ka gaya min abin da ka ji.